Biri Ya Yi Kama da Mutum: Abin da Biran Mishigan Suka Nuna Game da Ɗan Ƙwaya

Wata Asabar bayan la'asar, a majalisar da muke zama a bakin layinmu, aka ɗauko zancen wani saurayi ɗan unguwa wanda kodin da tiramol suka ci ƙarfinsa. Kwana uku ke nan mahaifinsa ya kulle shi a shagon da ke zaure, kuma duk wanda ya bi ta layin da dare yana jin kukansa. Wani dattijo ya ce iskanci ne kawai, yaron yana so ne a ji tausayinsa a buɗe. Wani ya ce a'a, hamma da hawaye da amai da gudawar nan duk alamu ne na mutanen ɓoye suna fita. Na uku ya ce a daina wahala, a kai shi gidan mari, wata biyu a sasari zai dawo mutum.

Na yi shiru, amma abin ya tsaya mini a rai, domin alamun da suka lissafa ɗaya bayan ɗaya na san su tun ina ɗalibin harhaɗa magunguna. Wani masani Ba'amurke mai suna Maurice Seevers ya rubuta su a 1936, kuma ba a jikin mutum ya gan su ba. A jikin birai ya gan su, biran da aka saba wa allurar mofin, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, sannan aka yanke musu.

Ra'ayina shi ne wannan: abin da ke sa yaron nan kuka a zaure ciwo ne na jiki, wanda ba ya bukatar rashin tarbiyya ko aljani kafin ya kama mai rai, kuma kulle da mari suna ƙara wa ciwon ƙarfi ne ta hanyar da aka riga aka auna aka gani. Na san akwai masu ja, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi.

Abin da aka gani a keji

Mofin da kodin daga ƙaron furen ofiyom ake fitar da su, hiroyin kuma daga mofin ake sarrafa shi. Tun daga 1898, lokacin da kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hiroyin a matsayin maganin tari, masana suke neman maganin da zai kashe raɗaɗi kamar mofin ba tare da ya kama mai shan sa ba. Don a gane wane sabon magani ne zai kama mutum kafin a sake shi kasuwa, sai aka koma ga birai, musamman nau'in resus na Indiya.

Seevers ya koma Jami'ar Mishigan a 1942, kuma a can aka riƙe garken birai shekara da shekaru ana yi musu allurar mofin, miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk bayan awa 6, dare da rana. Idan an kawo sabon magani, sai a hana wasu birai allurarsu na kimanin awa 14 zuwa 15 har ciwon yankewa ya bayyana, sannan a ba su sabon. In ciwon ya lafa, to maganin ɗan gidan mofin ne ko da wane suna aka raɗa masa.

Seevers ya jera matakan ciwon. Da farko biri yana hamma, hanci na zuba, ido na hawaye, jiki na rawa, yana faɗa da 'yan'uwansa ba dalili. Daga nan ya ƙi abinci, gashinsa ya miƙe, ya dafe ciki. In abin ya yi tsanani sai amai da gudawa da rashin barci da kuka ba ƙaƙƙautawa, ya kwanta a gefe ɗaya ido rufe. Wasu kan galabaita har su mutu. Duk wanda ya taɓa kwana a gida ɗaya da mai neman rabuwa da kodin zai gane wannan jerin ba sai an fassara masa ba.

A lokacin akwai masana da ke cewa jikin dabba zai iya sabawa da ƙwaya, amma nema da kwaɗayi na ɗan Adam ne kaɗai, domin dabba ba ta iya haɗa allura da sauƙin da take ji. Wani mai bincike, Sidney Spragg, ya rushe wannan a 1940 da biran cimfanzi a wata cibiyar Jami'ar Yale da ke Fulorida. Idan lokacin allura ya wuce, biran sukan kama rigarsa su ja shi zuwa ɗakin da ake yi musu. Ya ajiye akwati biyu, ɗaya da abinci ɗaya da sirinji, kowanne da mabuɗinsa. Birin da ciwon yankewa ya kama yakan ɗauki mabuɗin akwatin sirinji ko da yana jin yunwa. In kuwa an riga an yi masa allurar, sai ya nufi abinci. A riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Daga 1964, da aikin Travis Thompson da Charles Schuster, aka fara saka wa biri siririn bututu a jijiya, a ba shi abin dannawa, in ya danna magani ya shiga jininsa. A 1969 Gerald Deneau da Tomoji Yanagita da Seevers suka wallafa abin da ya faru da aka sakar wa birai wannan dama dare da rana. Sun yi wa kansu mofin, da kodin, da hodar ibilis, da barasa. Ruwan gishiri kuwa, da maganin taɓin hankali irin su kulofromazin, ba su kula su ba. Wato abin da mutane ke bi shi birai suka bi, abin da mutane ba sa nema su ma suka bar shi. Biran mofin sun riƙa ƙara yawan abin da suke ɗauka mako bayan mako. A cikin biran kodin akwai waɗanda suka yi ta dannawa har jijjiga ta kashe su. Kodin ɗin nan da muka daɗe muna ɗauka maganin tari ne kawai, wanda sai a watan Mayu na 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a ruwan maganin tari.

Birin Mishigan ba shi da abokan banza, ba ya kallon fim, mahaifiyarsa ba ta sangarta shi ba, kuma ba wanda ya yi masa asiri. Duk da haka ya kamu.

"Ai mutum ba biri ba ne"

Wannan ce hujjar farko, kuma gaskiya ce. Allah ya ba ɗan Adam hankali, ya ɗora masa nauyi, kuma ba na cewa yaron da ya kai kwalbar farko bakinsa ba shi da laifi. Yana da shi. Amma laifin ranar farko daban, ciwon shekara ta uku daban. Mutumin da ya yi tuƙin ganganci ya karya ƙafa shi ya ja wa kansa, sai dai ba wanda ke cewa a hana shi maɗori har sai ya tuba, ko a ce ƙashin zai haɗe in an yi masa bulala.

Abin da muke tarayya da biri a kai ba hankali ba ne, tsarin jiki ne. A 1973 aka gano cewa a ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe da mofin ke shiga kamar mabuɗi a kwaɗo, sannan a 1975, a Abadin ta Sikotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki yana haɗa nasa mabuɗin. Wato kowannenmu, da liman da ladan, yana da ɗan mofin na halitta a kansa, wanda ke rage masa zafin ciwo kuma yake saukar masa da natsuwa. Idan aka daɗe ana cika guraben nan da na kwalba, jiki yakan gyara ma'auninsa don ya jure, shi ya sa kwalba ɗaya take daina kamawa sai biyu. Ranar da aka yanke, ma'aunin ya rinjaya ɗaya ɓangaren: hanjin da ƙwaya ta ɗaure ya sake, jijiyoyin da ta kwantar su tashi gaba ɗaya. Amai da gudawar da majalisarmu ta danganta da aljanu daga nan suke.

Kuma ko ta fuskar addini, wanda masu wannan hujja suka fi jingina da shi, akwai iyaka. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani da ya sha giya, aka hukunta shi, sai wani ya ce Allah ya kunyata shi, Annabi ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Hukunci yana da farko da ƙarshe. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, wasu a sasari, da abin da aka sake tararwa a Daura bayan 'yan makonni, ba shi da ƙarshe sai ranar da iyaye suka gaji da biya.

"Ai sau da yawa biran sun yaudari masana"

Wannan hujjar ta fi ta farko ƙarfi, kuma mu a nan mun fi kowa cancantar kawo ta, domin a jikinmu kuskuren ya ƙare.

An sayar da fentazosin a Amurka daga 1967 a kan cewa ba ya kama mutum kamar mofin, kuma dalili ɗaya shi ne ba ya iya tsayawa a madadin mofin a irin gwajin da na bayyana. Sai a 1979 Amurka ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido. Yau a asibitocinmu kowa ya san penta, kuma duk likitan da ke duba masu sikila ya ga cinyoyi da damatsan da allurarsa ta mayar gyambo. Tiramadol kuwa, wato tiramol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977, ba daga furen ofiyom ake samun sa ba, haɗa shi ake yi, amma gurabe ɗaya yake shiga. Yanagita ɗin nan na Mishigan, bayan ya koma Japan, ya gwada shi a kan birai ya wallafa a 1978, kuma hukuncin da ya bi maganin duniya shi ne haɗarinsa kaɗan ne. Har yau ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙayyade. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi ba don jinya ba a cikin shekara guda, kuma tiramol ne kan gaba.

To ina kuskuren ya fito? Wani ɓangarensa daga hanyar bayarwa ne. Tiramadol da kansa rauni gare shi. Sai ya bi ta hanta ta juya shi zuwa wani sinadari mai ƙarfi sannan yake aikin ɗan gidan mofin sosai. Wanda aka yi wa allura bai samun abin da wanda ya haɗiya yake samu, kuma gwaje-gwajen farko, na birai da na mutane, sun fi karkata ga allura. Sannan ba wanda ya zauna a Jamus ya hango ɗan acaɓa ko ɗan ga-ruwa ko mai haƙar zinariya yana haɗiyar ƙwaya mai miligiram 225 da shayin safe, alhali abin da hukuma ta amince da shi bai wuce 50 da 100 ba.

Amma a lura da inda kuskuren ya karkata.  Inda aka faɗi shi ne inda aka karanta "kaɗan" aka fahimci "babu", domin akwai mai son sayarwa. Gwajin ya kasa a wajen yi wa sabon magani shaidar zama lafiya. Bai kasa ba a wajen nuna yadda kamuwa take da yadda yankewa take, kuma wannan ne nake dogara da shi.

"Ai birin keji ba shi da abin yi sai danna ƙarfe"

A nan nake so in daɗe, domin wannan hujjar da aka kawo don a rushe binciken, ita ce ta fi komai rushe gidan mari.

Gaskiya ne cewa biran 1969 kowanne shi kaɗai ne a kejinsa, ɗaure da ɗamarar da ke riƙe bututu, ba uwa ba ɗa ba abokin wasa. Biri kuwa dabbar jama'a ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli garken birai a Yankari ya ga yadda suke ɓata awanni suna tsefe wa juna gashi. Mu muna ɗauka ƙwarƙwata suke nema. Masana a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Barry Keverne, sun bincika wannan a kan talafoyin, wani ɗan ƙaramin biri na dazuzzukan tsakiyar Afirka, irin na Kamaru da Gabon da Angola. A 1989 suka wallafa cewa idan aka tsefe wa biri gashi, mofin ɗin halitta da ke ruwan ƙwaƙwalwarsa yana ƙaruwa. Idan aka ba shi maganin da ke toshe guraben, sai ya riƙa bin 'yan'uwansa yana miƙa musu jiki su tsefe shi fiye da da. Idan kuwa aka yi masa ɗan mofin kaɗan, wanda bai isa ya sa shi barci ba, sai ya rage neman kowa.

A Wiskonsin kuma, Ned Kalin da abokan aikinsa suka raba jariran resus da iyayensu mata na ɗan lokaci. Jaririn biri yana da kukan da yake kiran uwa da shi. A 1988 suka ruwaito cewa ɗan mofin kaɗan yana rage wannan kukan ba tare da ya kwantar da jaririn ba, maganin toshe gurabe kuma yana ƙara shi.

Ma'anar wannan a wurina ta fi duk alƙaluman da na kawo. Ƙwayar nan ba wani sabon daɗi take ƙirƙira ba, gurbin uwa da ɗan'uwa da aboki take zama. Natsuwar da yaro ke ji a bayan mahaifiyarsa, da wadda muke ji a majalisa in an yi dariya tare, ita ake sayarwa a kwalba. Shi ya sa farkon abin da iyaye ke lura da shi ba maye ba ne, janyewa ce: yaro ya daina cin abinci da 'yan'uwansa a kwano ɗaya, ya daina zuwa suna da biki, a yi masa rasuwa ya zauna ido a bushe. Muna cewa zuciyarsa ta ƙeƙashe. Gurbin ne wani ya riga mu shiga. Haka kuma ban yi mamaki ba da kodin ya sami kasuwa a ɗakunan matan aure da zawarawa, waɗanda ke wuni daga su sai bango huɗu da waya.

Yanzu a dubi maganin da majalisarmu ta yanke. Mun cire ƙwayar da ta zauna a gurbin mutane, sannan muka cire mutanen, muka ja ƙofa muka sa kwaɗo. Mun mayar da yaron birin 1969, sai dai shi ba a bar masa ko abin dannawa ba, har ranar da za a buɗe.

Ranar da aka buɗe ƙofa

Masu goyon bayan kulle suna cewa ai yana aiki, domin bayan mako ɗaya ko biyu amai ya tsaya, yaro ya fara cin abinci. Wannan gaskiya ne, kuma ko ba mari haka zai faru, domin ciwon yankewa na kodin da hiroyin yana kai ƙololuwa ne a kwana biyu zuwa uku sannan ya fara sauka. Ba sarƙar ce ta yi ba, kwanaki ne.

Abin da ba ya sauka da kwanaki shi ma a birai aka fara auna shi da kyau. Steven Goldberg da Schuster, a ƙarshen shekarun 1960, sun riƙa kunna wa biran da suka saba da mofin wata alama, ƙara ko jar fitila, daidai lokacin da ake ba su maganin da ke tayar da ciwon yankewa nan take. Bayan an maimaita, alamar kaɗai ta isa ta sa biri ya bar abincinsa, yawu ya zubo, ya yi amai. Kuma wannan ya ci gaba har bayan watanni da raba su da mofin gaba ɗaya. Jikinsu ya warke, amma fitilar tana nan da ikonta.

Jar fitilar ɗan unguwarmu ita ce kwanar da kemis yake, da ƙarar babur ɗin abokinsa, da ƙamshin lemon kwalbar da yake haɗawa da shi. Gidan mari ba ya koya masa yadda zai wuce ta gabansu, domin a can babu su. Kuma akwai wani haɗari da iyaye ba su cika sani ba: a watannin da ya yi a kulle juriyar jikinsa ta sauka, don haka adadin da yake sha a da ya tashi lafiya, yanzu yana iya tsayar masa da numfashi. A ƙasashen da ake ƙidaya irin wannan, makonni biyu na farko bayan fitowa daga kurkuku suna cikin lokutan da masu shan hiroyin suka fi mutuwa. Mu a nan sai mu ce ya kwanta barci bai tashi ba, a yi jana'iza a rufe zancen.

Sai hujja ta ƙarshe ta wannan ɓangaren, wadda nake ji har daga bakin ma'aikatan lafiya: cewa bai wa ɗan ƙwaya metadon ko bufrenofin, magungunan gidan mofin da likita ke bayarwa don kwantar da ciwon yankewa, musanya ƙwaya ce da ƙwaya. A nan akwatunan Spragg suke da amfani. Cimfanzin da aka kashe wa ciwon yankewa abinci ya zaɓa. A 2006 Stevens Negus ya sake auna wannan da resus, ya ba su zaɓi tsakanin hiroyin da abinci. Idan ciwon yankewa ya kama su sai su karkata ga hiroyin, ko da kaɗan ne, su bar abinci. Idan aka riƙe su da metadon, wannan karkatar ba ta faruwa. Maganin bai sa biri ya zama waliyyi ba, ya dai mayar masa da damar zaɓen wani abu. Ga mutum, wannan wani abu shi ne sana'a da iyali da sallah a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin magunguna na dole tun 2005, Tanzaniya ta buɗe asibitin metadon a Muhimbili a 2011, Kenya ta bi baya a 2014. Ba kowane mai shan kodin ne ke bukatar su ba. Da yawa rage adadi a hankali a ƙarƙashin likita ya ishe su. Mai shan tiramol kuma yana da ƙarin matsala, domin maganin yana taɓa wasu jijiyoyin ban da na mofin, yana jawo jijjiga, kuma yanke shi farat ɗaya kan zo da firgita da ruɗewa. Wannan aikin asibiti ne, ba aikin kwaɗo ba.

Ina jin mai cewa ina asibitin yake, kuma nawa ne kuɗin gado. Ban da amsar da za ta faranta masa rai. Uban da ya kulle ɗansa ba mugu ba ne, mutum ne da ya sayar da abin da zai sayar, ya ga an sace tukunyar matarsa da wayar ƙanwar yaron, ya rasa inda zai nufa. Laifin da nake gani ya fi girma a wurin gwamnatocin da suke ƙirga nasara da yawan katon ɗin da aka kama aka ƙona a gaban 'yan jarida. Kamun yana da amfani, amma duk ranar da aka toshe kwalba aka bar masu ciwo ba magani, to wata ƙwayar aka buɗe wa kasuwa.

Hakkin biran

Ba zan wuce ba tare da na faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da binciken kansa ba. An azabtar da biran nan. An kamo su daga dazukan Indiya, aka saba musu da abin da ba su nema ba, aka riƙa yanke musu da gangan don a ga yadda za su yi kuka, shekara bayan shekara. Addinin da ya gaya mana cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ba ta abinci ba, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Kuma a daidai lokacin, a Leksinton ta jihar Kentaki, ana irin wannan gwajin a kan fursunoni, har sai da aka dakatar a shekarun 1970. Akwai gwaje-gwajen da nake ganin an yi su ne bayan an riga an san amsa, kuma ba zan kare su ba.

Sai dai an riga an yi, kuma abin da aka samu yana nan a rubuce, kyauta ga mai son karantawa. Abin da ya rage mini mamaki shi ne yadda muke sake yin gwajin Seevers a zaurukanmu, da 'ya'yanmu, mu ga hamma da hawaye da dafe ciki a jere kamar yadda ya rubuta su, sannan mu zauna muna gardamar ko aljanin namiji ne ko mace.

Bayan magariba a ranar na tsaya da mahaifin yaron a ƙofar masallaci. Ban yi masa zancen birai ba, don na san zai ɗauka zagi ne. Na dai roƙe shi abu biyu: ya bari a kira ma'aikacin lafiya ya duba yaron saboda ruwan da yake zubarwa, kuma ya sa wani ya riƙa shiga yana zama da shi. Na tambaye shi wa ke shiga wurinsa yanzu. Ya ce ba kowa, ƙaninsa ne ke miƙa masa kwano ta taga, kuma ya hana mahaifiyarsa zuwa kusa don kada kukan ya karya mata zuciya ta buɗe. Ya amince da maganar ma'aikacin lafiya. Maganar uwar kuwa ya ce zai yi tunani.